Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba: Giram Nawa Ne a Cikin Kofi Ɗaya?

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da wani babban kundi na bayanan abinci, wanda likitoci da masana abinci mai gina jiki da kamfanonin sarrafa abinci suke dogara da shi. A ƙarƙashin ɗanyar albasa, kundin ya ce kofi ɗaya na wadda aka yayyanka ƙanana nauyinsa giram 160 ne. Kamfanin fulawa na King Arthur kuwa, wanda ya faro tun 1790, kuma masu gashin burodi da kek na ƙasar suke ji da jadawalinsa na awo, cewa ya yi giram 142. Tsakanin amsoshin biyu akwai giram 18, kusan cokali biyu ke nan, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya gani a kan sikelinsa ya rubuta.

Da can wannan rigimar Amurkawa ce, su da kofinsu. Yau ta shigo kicin ɗinmu. 'Yan mata da zawarawa da samarin da suka rungumi sana'ar girki suna koyo a YouTube da Instagram, makarantun koyon girki sun cika Kano da Kaduna da Abuja, kuma kaso mai yawa na rubutattun tsare-tsaren girki da ke yawo a wayoyi daga Amurka suka taso ko kuma salon Amurka aka bi wajen rubuta su. Mai girki ta karanta cewa a zuba kofi ɗaya da rabi na yankakkiyar albasa, ta dubi kofin shayinta, ta dubi kofin roba na shan ruwa, ta dubi gwangwanin madarar da take awon shinkafa da shi, ta rasa wanne ake nufi. Idan tana da sikeli, tambayar da za ta yi ita ce: giram nawa? Amsar tana nan, amma sai an san daga ina ta fito kafin a san ranar da za a amince da ita da ranar da za a yi watsi da ita.

Matar da ta share bakin cokali

A Faransa da Jamus da Italiya, matar gida da sikeli take girki. A Ingila ma tun 1845 Eliza Acton ta fitar da littafinta na girki inda take jero kayan haɗi da adadinsu da tsawon lokacin dahuwa, kuma laba da oza ne suka fi yawa a awonta. Amurka ce ta ware ta kama kofi da cokali. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne sikeli kaya ne mai tsada da wuyar ɗauka ga mutanen da suke ta ƙaura zuwa yammacin ƙasar a cikin keken doki, alhali kofi da cokali babu gidan da ba su.

Wadda ta mayar da wannan al'ada doka ita ce Fannie Farmer, haifaffiyar Boston a 1857. Ciwon shanyewar jiki ya kwantar da ita tun tana budurwa, bai bar ta ta shiga makarantar girki ta Boston ba sai tana da shekara 30 ko kusa da haka. Ta gama a 1889, daga baya ta zama shugabar makarantar, sannan a 1896 ta fitar da littafin girkin makarantar. Kamfanin ɗab'i na Little, Brown bai yi tsammanin littafin zai karɓu ba, don haka kwafi 3,000 kawai ya buga, kuma ita ta biya kuɗin. Littafin ya zama ɗaya daga cikin littattafan girkin da aka fi saya a tarihin ƙasar. Abin da ta nace a kai shi ne a daina cewa "ɗan kaɗan" ko "cokali mai tozo". A cika kofi ko cokali, a sa bayan wuƙa a share bakinsa ya zama daidai, shi ne awo.

Dabarar ta yi aiki ga ruwa da madara da mai, ta yi aiki ga sukari da gishiri gwargwado. Ga fulawa har yau ana jayayya: King Arthur ya ce kofi giram 120 ne, kundin ma'aikatar noma ya ce 125, wasu gidajen gwajin girki suna lissafi da 142, gwargwadon ko an zuba garin a hankali ko an nutsa kofin a cikin buhu an kamfato. To idan gari, wanda ƙwayoyinsa ba su ko ganuwa, ya kasa tsayawa a kan adadi ɗaya, ina ga albasa da kowace mace da irin yankanta?

Kofin wa?

Kafin a je ga albasar, shi kansa kofin ba ɗaya ba ne. Na girkin Amurka mililita 236.6 ne. Wanda dokar ƙasar ta sa a yi amfani da shi wajen rubuta bayanan sinadarai a jikin kwalin abinci 240 ne. Na Ostireliya da Niyuzilan 250 ne, kuma a kasuwanninmu za a iya samun kofin awo mai 250 ko mai 240, sai an duba gindinsa ko mariƙinsa. Na Japan 200 ne. Tsohon kofin Ingila, wanda ake cin karo da shi a tsofaffin littattafai, ya kai 284. Babban cokali mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma a Ostireliya 20 ne.

A kasuwanninmu kuma idan mai awo ta ce kofi, gwangwanin madarar ruwa take nufi, wanda bai kai mililita 200 ba. Wadda ta auna albasa da shi tana zaton kofin Amurka ne ta rage wa girkinta kusan kashi ɗaya cikin uku ba ta sani ba.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan girma. Amurkawa suna da oza iri biyu, ta ruwa da ta nauyi. Kofi oza 8 ne na ruwa. Mutum ya ga haka sai ya ninka 8 da giram 28.35, ya sami giram 227, ya ɗauka nauyin kofin komai ke nan. Wannan lissafi ga ruwa ya kusa daidai, ga man shanu kuma ya yi daidai. Ga albasa ya wuce gona da iri da sama da kashi 40 cikin ɗari.

Kashi ɗaya cikin uku iska ce

Albasa kusan ruwa ce zalla: cikin giram 100 na ɗanya, giram 89 ruwa ne. Tsokarta ma nauyinta bai yi nisa da na ruwa ba. Da za a iya narkar da ita a cika kofi, da nauyin ya doshi giram 230. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ruwa yana bin kowane lungu ya cike shi, gutsattsarin albasa kuwa jingina suke yi da juna, su bar ramuka a tsakaninsu. Idan kofi mai mililita 237 ya ɗauki giram 160 kawai, to kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikinsa iska ce. Duk saɓanin da ake yi a kan wannan iskar ake yin sa.

Wuƙa ce take yanke yawanta. Kundin nan na ma'aikatar noma da ya ba da giram 160 ga yankan ƙanana, giram 115 ya bayar ga yankan siriri, irin wanda ake yi wa tsire da balangu. Siraran yanka suna lanƙwashewa, su hau kan juna su bar sarari, har rabin kofin ya zama fanko. Idan aka rage girman yanka sai gutsattsarin su riƙa shiga tsakanin juna, nauyi ya hau. Wadda aka jajjaga a turmi ko aka goga a abin goga ta fara sakin ruwanta, ruwan ya cike ramukan, nauyinta ya tasar wa na ruwa. Makarantun girki na Turai suna da ma'aunin yanka: mafi ƙanƙanta murabba'i mai milimita 3, sai ƙarami mai 6, matsakaici mai 12, babba mai kusan 20. Marubucin da ya ce "yankakkiya" bai faɗi wanne ba, ya bar mai karatu da zaɓi huɗu, kowanne da nauyinsa.

Sannan akwai hannun mai zubawa. Wata za ta watsa albasar a kofi ta bar ta yadda ta faɗa, wata ta girgiza kofin ya zauna, wata ta danna da yatsa ta ƙara. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awon gero ya san bambancin mudun da aka girgiza da wanda ba a girgiza ba. Siffar mazubin ma tana da tasiri, domin a jikin bango gutsattsari ba sa zama da kyau, saboda haka ƙaramin kofi na kwata idan aka cika shi sau huɗu ba lallai ya ba da nauyin babban kofi ɗaya ba.

Duk da haka ana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Ga yankan ƙanana, a ɗauki mililita a cire kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne giram. Kofin Amurka ya ba da kusan 160, kofi mai 250 ya ba da kusan 170, na Japan 135, tsohon na Ingila kusan 190, lita ɗaya kuma giram 675. Rabin kofi giram 80, kwata 40, babban cokali 10. Ga yankan siriri, a raba mililita biyu. Ganyen albasa, wato lawashi da danginsa, ya fi sauƙi, kofinsa giram 100 ne. Dafaffiya kuwa da aka tsame daga ruwa ta yi laushi ta kwanta, kofinta ya kai giram 210, don haka dole a lura ko marubuci kafin dahuwa yake awo ko bayanta.

Ni dai idan aka ce in zaɓa tsakanin 142 da 160, sai in ce a riƙe 150 a wuce wurin. Ba wani bincike ne ya ba da wannan adadi ba, tsakiya ce kawai, kuma a tukunyar miya babu harshen da zai gane bambancin giram 10.

Matsakaiciya a gonar wa?

Wasu marubutan ba sa ma ambaton kofi, sai su ce "matsakaiciyar albasa ɗaya". A kundin ma'aikatar noma ƙarama giram 70 ce, matsakaiciya 110, babba 150. Amma a littattafan girkin ƙasar an saba cewa matsakaiciya ɗaya tana ba da kofi ɗaya. Lissafin bai haɗu ba. Albasa mai giram 110, bayan an ɓare ta, ba za ta wuce kashi biyu cikin uku na kofi ba. Wadda za ta cika kofi sai ta kai giram 170 zuwa 180, wato ta fi wadda kundin ya kira babba. Abin da ya faru shi ne marubutan girki albasar manyan kantunansu suke gani, wadda sau da yawa takan haura giram 200, ita suke kira matsakaiciya.

A kawo wannan magana kasuwar 'Yankaba ko ta Aliero a ga yadda za ta kaya. A cikin kashi ɗaya akwai mai girman ƙwan kaza, akwai mai girman lemo. A kakar albasa manya ne a gaba, idan ta yi tsada kuma ƙananan da a da ake bayarwa gyara su ne suke zama kashi. Wadda ta ji an ce "albasa biyu" ta ɗauko biyu daga irin wannan, mai yiwuwa ba ta zuba ko rabin abin da marubucin ya zuba ba.

Akwai kuma ɓawo. Sikelin ɗan kasuwa da ɓawo da gindi da kai yake auna albasa, kofin marubuci kuwa tsoka zalla yake aunawa. Abin da ake zubarwa kusan kashi 10 cikin ɗari ne a lafiyayyar albasa. Kilo ɗaya zai bar giram 900, wato kofi biyar da rabi da ɗan ɗoriya. Laba ɗaya, giram 454, za ta ba da kofi biyu da rabi. Mai son kofi uku tana bukatar giram 480 na yankakkiya, sai ta sayi giram 550 don ta huta. Idan albasar ƙanana ce, ko ta daɗe a rudu har ta fara tsiro ko samanta ya yi laushi, asarar ta wuce kashi 10 nesa ba kusa ba, kuma wannan babu jadawalin da zai faɗa, sai ido.

Inda giram 18 yake zama kilo biyu

A girkin gida na mutum shida duk wannan lissafi wasa ne. Miyar taushe ba ta taɓa lalacewa don albasa ta ɗara da cokali biyu ba. Iyayenmu da ido da hanci suka yi girki, kuma babu wanda ya tashi daga kan akushinsu yana neman sikeli. Wurare uku ne kawai na ga maganar tana da nauyi.

Na farko girkin taro. A ɗauka tsarin dafa-duka na mutum shida ya ce kofi biyu, aka ba mai girki kwangilar biki ta mutum 300. Ninki 50 ke nan, kofi 100. Idan ta bi 160, kilo 16 za ta yanka. Idan ta bi 142, kilo 14.2. Idan yaran da suke taya ta yankan siriri suka yi tana aunawa da kofi, kilo 11.5 ne zai shiga tukunya. Idan kuma ta faɗa kuskuren oza, kilo 22.7. Tsakanin na ƙasa da na sama akwai sama da kilo 11, kuma a watan da albasa take tsada wannan kuɗi ne da zai iya cinye ribar kwangilar. Ban da haka, wa zai tsaya cika kofi sau ɗari ido yana zubar da hawaye? A ɗora roba a kan sikeli, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, a yi ta zubawa har allon ya nuna 16. Shi ya sa manyan otal da gidajen burodi, har a Amurkar, da nauyi suke aiki.

Alal misali, masu girkin Faransa suna da wani haɗi da suke fara miya da romo da shi: kashi biyu albasa, kashi ɗaya karas, kashi ɗaya seleri, kuma da nauyi ake nufi. Kofin karas yankakke giram 128 ne, na seleri 101. Wanda ya auna da kofi zai zuba albasa giram 320 a cikin jimillar 549, ta zama kashi 58 cikin ɗari maimakon 50, seleri ya faɗo zuwa 18 maimakon 25. Haɗin ya canza alhali mai girkin yana ganin ya bi ƙa'ida sau da ƙafa.

Na biyu ƙullu da duk abin da ruwa yake iya ɓatawa. Mai ƙosai ta san cewa albasar da ta zuba a markaɗe ruwa ce ta ƙara. Giram 160 na albasa yana ɗauke da ruwa giram 140 da 'yan kai, fiye da rabin kofi. Idan ya yi yawa ƙullun ya saki, ƙosan ya baje a mai ya sha shi. Haka cikin samosa da na fanke mai nama: ɗanyar albasa tana sakin ruwa a cikin zafi ta jiƙa ɓawon. A irin waɗannan, mai sayarwa da take son na yau ya yi daidai da na jiya tana bukatar adadin da ba ya motsi.

Na uku shi ne wanda ya shafi rai. Mata da yawa idan tumatir ya yi araha sukan markaɗa shi da tattasai da albasa, su tafasa, su ɗura a kwalba su rufe don ajiya. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda take rayuwa a inda babu iska, kuma dafinta yana shanye jiki har ya kai ga kisa. Ba ta iya girma idan tsamin abinci ya kai wani mizani, wato 4.6 ko ƙasa da haka a ma'aunin pH. Tumatir a bakin wannan iyaka yake, shi ya sa jagoran ajiye abinci na ma'aikatar noman Amurka ya ce a ƙara masa ruwan lemon tsami na kwalba, babban cokali biyu a duk kusan lita ɗaya. Albasa da tattasai kuwa ba su da tsami, sun haura wannan iyaka. Duk albasar da aka ƙara tana rage tsamin haɗin. Tafasa a digiri 100 ba ta kashe irin wannan ƙwaya, sai tukunyar matsi mai kai zafi digiri 116. Saboda haka cibiyar nazarin ajiye abinci a gida da ke Jami'ar Jojiya ta Amurka take gargaɗin kada a ƙara albasa ko tattasai a kan adadin da gwajajjen tsari ya faɗa. Ragewa babu laifi. A nan bambancin kofin da aka danna da wanda ba a danna ba ya wuce maganar ɗanɗano. Idan tsarin ya ba da nauyi, a bi nauyin. Idan kofi kawai ya bayar, a yi yankan da ya ce, a zuba ba tare da dannawa ba, a karkata ga ƙasa.

Malamai sun riga masu girki

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Zakkar fidda kai da sa'i aka ƙayyade ta, mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, guda huɗu, kuma sa'i awon cika ne, ba na nauyi ba. Da zamani ya koma kilo sai aka bukaci a juya, amsoshi kuma suka bambanta. Sheikh Ibn Usaimin ya ƙiyasta sa'in alkama mai kyau a giram 2,040. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ce kusan kilo 3. A Indonesiya hukumar zakka tana lissafi da kilo 2.5 na shinkafa ko lita 3.5. Wani ɓangare na saɓanin daga girman mudun ne, wani kuma daga abin da aka zuba a ciki, domin sa'in dabino da na shinkafa da na gero ba za su taɓa yin nauyi ɗaya ba. Shi ya sa har gobe a gidaje da yawa na ƙasar Hausa ake ajiye ɗan mudun awon zakka, a fito da shi ƙarshen azumi, ba a bi ta kan sikeli ba. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa babu wata manhajar waya da za ta juya "kofi" zuwa "giram" ba tare da an gaya mata kofin mene ne ba.

Abin da sikeli ba ya gani

Kada kuma a ɗauka nauyi ya gama magana. Giram 160 na albasar Galmi, jar nan ta jihar Tawa da manyan motoci suke kwasa zuwa Gana da Kodebuwa, ba ɗaya yake da giram 160 na albasar Vidalia ta jihar Jojiya ba. Ta Vidalia a ƙasa mai ƙarancin farar wuta ake noma ta, ruwa ya yi mata yawa, zaƙi gare ta har ana cin ta ɗanya kamar kayan marmari. Tamu yaji gare ta da ƙarfi. Marubucin Amurka da ya ce a zuba kofi ɗaya na mai zaƙi a cikin salak, idan aka bi shi giram da giram da jar albasarmu, masu ci za su sha hawaye.

Yanka ma yana canza ɗanɗano ko da nauyi bai canza ba. Yajin albasa ba a shirye yake a cikinta ba. Sai wuƙa ta fasa ƙwayoyin tsokar, sinadaran da suke rabe suka haɗu, sannan yake samuwa. A 2002 masu bincike na kamfanin House Foods na Japan suka bayyana a mujallar Nature cewa akwai wani sinadari na musamman da aikinsa shi ne haɗa tururin da ke sa hawaye. Gwargwadon yawan fasawa, gwargwadon ƙarfin yaji. Gogaggiya ta fi yankakkiya, yankan kwance da ya ratsa jijiyoyi ya fi na tsaye daga kai zuwa gindi, dakusasshiyar wuƙa mai murƙushewa ta fi mai kaifi.

Wuta kuma tana rushe lissafin gaba ɗaya. Albasar da aka bari a kan wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu na cikarta ko ƙasa da haka. Mutanen Habasha a miyar kazarsu ta doro wat da tulin albasa suke farawa, su dafa ta a busasshiyar tukunya ba mai har ta narke ta zama ita ce jikin miyar. Yassa ta Senegal ma haka take cin albasa. A irin wannan girki kuskuren rabin kofi ba ya ko bayyana, abin da ake tsoro shi ne gaggawa.

Ta nawa za a ba ki?

Mu namu awon ba kofi ba ne, ba kuma giram ba. Najeriya ta koma tsarin kilo da lita tun shekarun 1970, Nijar ta gaje shi daga Faransa, amma albasa har yau da buhu da kwando da kashi ake cinikinta. Buhun ma ba shi da tsayayyen nauyi, ana cika shi har a ɗinka masa hula, sau da yawa ya haura kilo 100. A bakin titi kuwa ciniki ba ya wuce haka:

"Hajiya, ta nawa za a ba ki?"

"Ba ni ta ɗari biyar, Malam, ka yi mini gyara."

Daga nan awon kuɗi yake shiga girki. Uwa za ta koya wa 'yarta miya ta ce tumatir na kaza, attaruhu na kaza, albasa ta kaza. A cikin duk ma'aunan da aka ambata babu mai rauni kamar wannan. Kofi yana kuskure da kashi 10 ko 20 cikin ɗari. Awon kuɗi yana iya kuskure ninki uku ko huɗu a cikin shekara ɗaya, domin albasar ɗari biyar a watan Maris, lokacin da 'yan fadama suka kwashe ta cika kasuwa, ba ita ce ta ɗari biyar a watan Nuwamba ba. Matar gida tana gyara wannan da ido ba tare da ta yi tunani ba. Amma ranar da ta rubuta wa wata, ko ta tura yarinya ta yi girkin ita kaɗai, ko ta buɗe gidan abinci ta ɗauki ma'aikata, idon nan ba ya bin takardar.

Maganin ba shi da tsada. Sikelin kicin na batir, mai auna giram ɗaya zuwa kilo biyar, yana nan a shagunan kayan kicin. Mai sana'a ta ɗauki kwanon da ta saba zuba albasa a ciki, ta yi yankan da ta saba, ta cika shi yadda ta saba, ta auna sau uku ta ɗauki na tsakiya, ta rubuta a jikin kwanon. Daga ranar kwanonta ya zama ma'auni, kuma ya fi jadawalin kowace ma'aikata dacewa da hannunta da wuƙarta. Idan za ta rubuta tsarin girki don wasu, ta sa abu uku a layi ɗaya: nauyin bayan ɓarewa, irin yankan, da irin albasar. Kashin da ta sayo ma ta ɗora shi a sikeli kafin ta ɓare, ta raba kuɗin da nauyin, ta rubuta farashin kilo da kwanan wata. Idan ta yi haka a Maris ta sake yi a Nuwamba, za ta san nawa ya kamata ta ƙara a kan kwangilar bikin ƙarshen shekara tun kafin ta karɓi kuɗin kafin alƙalami.